Namijin Baki

Idan ana neman wanda ya fi kowa sanin yadda ya kamata namiji ya kasance, a unguwarmu ba a wuce ni. Ni ne mai cewa yaran yanzu sun lalace, hannunsu ya yi laushi, ba abin da suka iya sai latsa waya. Ni ne mai ba da labarin mazan jiya, waɗanda ke gama noman safe kafin rana ta take, su dawo su yi wa ɗaki jinka, su kayar da sa su feɗe shi kafin a kira la'asar. Ina faɗa ina kaɗa kai ina shafa gemu, har wanda bai san ni ba ya ɗauka da ni aka yi. To, yau zan faɗi abin da iyalina suka daɗe da sani, maƙwabta kuma suke rufa mini asiri a kai: ban iya yanka kaza ba. An ce baki shi ke yanka wuya. Nawa bakin dai har yau bai yanka wuyan ko ɗan shila ba.

Ba don na tashi a gidan da ba a iya ba ne. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, manomi ne da damina, ɗan tireda da rani, kuma ban taɓa ganin abu ya lalace a gida ya aika a kira wani ba. Shi ke tufka igiyar awaki da rama, shi ke yaɓen katanga kafin ruwa ya sauka, shi ke sake wa gatari ƙota. Yayyena duk sun ɗauko hannunsa. Ni kuwa aka sa ni boko, na kuma gane tun da wuri cewa littafi yana raba yaro da wahala. Da na ji ana wasa wuƙa ko ana fito da garma, sai in jawo jaka in buɗe littafin lissafi, ko da a juye ne. Mahaifiyarmu ta ce, "Ku ƙyale shi, karatu yake yi." Ranar layya aikina guda ne, riƙe buta. Ina zuba wa Baba ruwa a hannu, fuskata na kallon katanga. Da wannan ƙwarewar ta riƙe buta na shiga duniya, na kuma yi aure.

A gidan auren asiri ya fara tonuwa. A al'adarmu mace ba ta yanka, ko da yake malamai sun ce yankanta ya halatta. In za a ci kaza, namijin gida ake miƙa wa wuƙa. Wata rana dangin amarya za su zo ganin ɗaki, ta kamo zakara ta miƙo mini da wuƙa, tana murmushi irin na wadda ta yarda da mijinta. Na karɓa na zagaya bayan ɗaki. Ƙa'ida kam na san ta, don na karanta babin layya da yanka a Risala a gaban malamin zaure: a fuskanci alƙibla, a ambaci sunan Allah, a yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu, kada a ɗage hannu sai an gama. Abin da malam bai faɗa mini ba shi ne zakara yana da ido, kuma yana kallon mutum da shi. Na take fukafukai, na take ƙafafu yadda na ga ana yi. Na yi bisimilla. Na sake yin bisimilla. Na ƙara da wata addu'ar da ba ta cikin babin. Kafin in gama shawara da zuciyata ya fizge, ya haye katanga ya faɗa gidan maƙwabci.

Wani almajiri da ke mana aike shi ya kamo shi. Ya dube ni, ya dubi wuƙar, ya ce, "Kawo, Malam." Kafin in gyara tsayuwa ya gama, har ya ɗauraye wuƙar ya miƙo mini ta wajen ƙota. Na ba shi 'yan kuɗi, waɗanda ni da shi muka san ba ladan yanka ba ne, toshiyar baki ce. Na shiga gida riƙe da zakara ina huci. Amarya ta ce, "Sannu da aiki, maigida." Sai da muka tara 'ya'ya ta gaya mini cewa ta taga ta ga komai.

Tun daga nan muka yi sulhun da ba a furta ba. Duk ranar da kaza ta shigo gida, ni kuma wata waya mai muhimmanci takan same ni. Abin ya tafi lafiya har ranar da ina kishingiɗe a falo na ji uwargida ta ƙwala wa yaro kira: "Je ka waje ka nemo namiji ya yanka mana." Ta ɗan yi shiru, ta leƙo ta gan ni, ta gyara: "Wani namijin nake nufi." Gyaran ya fi maganar farko zafi.

Mai hankali da ya tsaya a kan kaza. Ni kuwa sai na ce ai kaza ba ta kai matsayina ba, namiji a kan rago ake gane shi. Mutanen Kano da suka san kan dabba ba sa jiran 'yan kiri na bakin titi. Wudil suke tafiya ranar Juma'a, ko Maigatari ranar Alhamis, inda ake sauke raguna daga ƙauyuka da ƙetaren iyaka. Na sa shadda mai sitaci na nufi Wudil. Tun daga bakin kara wani dillali ya tare ni da "Barka da zuwa, Alhaji," ni da ko jirgi ban taɓa shiga ba, na kuma amsa. Ya nuna mini Balami fari ƙal mai tsayi, ya nuna mini Uda mai launi biyu, gaba duhu baya fari, ya nuna mini 'Yankasa. Na ga masu saye suna buɗe bakin rago suna dubawa, ni ma na kama haɓar wani na buɗe. Na ɗago na ce da ƙarfi, don na kusa su ji cewa ba a cutata, "Wannan ai tsoho ne tukuf, haƙoransa na sama duk sun zube."

Wurin ya yi tsit. Dillalin ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, haka Allah ya halicce su." Ashe rago ba shi da haƙoran gaba a sama, dasashi ne kawai. Na ƙasa ake dubawa: in manya biyu sun maye gurbin na nono, ya kai shekara, ya isa layya ba gardama. Daga wannan magana tawa farashin kowane rago a layin ya tashi. Na zaɓi wani mai ƙaton ciki, na biya la'ada har da ihisani. Da gari ya waye cikin ya sace, don dusa da kanwa da ruwa aka ɗura masa. Yara suka zagaye shi suna tambaya ko an canza mana ne da dare.

Ɗaure shi ma wani babi ne. Na yi masa zarge a wuya, yana ja igiya na shaƙe shi, sai da idanunsa suka firfito. Na tsorata na kwance, na yi masa ɗauri irin na igiyar takalmi. Bai gama tauna abin da ke bakinsa ba ya zare ya fice. Na bi shi da gudu cikin jallabiya da silifa, yaran unguwa na biye da ni suna "Ga shi can, Baba! Tare shi, Baba!" Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta fito da ɗan damin harawa a hannu, ta tsaya a ƙofar gida ba ta ɗaga ko ƙafa ba, rago ya taka har gabanta. Ta ƙulla masa igiyar da ba ta shaƙewa ba ta kuma zamewa, ta miƙo mini ta ce, "Ɗan nan, ba da ƙarfi ake kama dabba ba." Na ce mata ai na sani, motsa jini nake yi.

Yankan layya kam na daɗe da samun mafita. Wakilci ya halatta, kuma babu mas'alar fiƙihu da na haddace na kuma yaɗa kamar wannan. Cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da hannunsa mai albarka ya yanka ragunansa biyu, wannan nakan bar wa liman ya faɗa a huɗuba. Maƙwabcina ke yanka mini, ni kuma ina tsaye a baya ina ba da umarni: "Ku riƙe shi da kyau."

Saura fiɗa. Ranar 10 ga Zulhajji mahauci ya fi gwamna wuyar gani. Wanda jiya kake kira da "kai, mai nama" yau sai ka bi shi gida-gida kana "ranka ya daɗe, Sarkin Fawa." A Sallar 2023, wata guda bayan cire tallafin mai, komai ya tashi, har ladan fiɗa, ga shi kuma shari'a ta hana a biya mahauci da naman layya ko fatarta. Na ce wannan kuɗin ba zai fita daga aljihuna ba, fiɗa ai ba karatun likita ba ce. Na jingina waya a jikin turmi, na kunna bidiyon wani mahauci a YouTube. Shi ya ɗan tsaga fata a ƙafar baya, ya sa baki ya hura, rago ya kumbura, sannan ya riƙa cusa dunƙulen hannu tsakanin fata da nama, fata na saɓulewa. Wuƙa sai jefi-jefi. Ni na hura har jiri ya ɗebe ni, rago bai san ana yi ba. Na ajiye dabarar hannu na koma wa wuƙa kaɗai, wuƙar da sai a ranar na tuna ba a wasa ta ba.

Da na zo kayan ciki, ban san akwai wata 'yar jaka koriya maƙale da hanta da ake cirewa a hankali ba. Na soke matsarmama, ta tsiyaye a kan hantar nan da kowa ke jira, don da ita ake fara taɓa naman layya a gidajenmu. Aka gasa, aka zauna. Kowa na tauna a hankali yana kallon ƙasa, sai autarmu ta ce, "Baba, ragon bana magani ya sha?" Da yamma 'yan agaji masu karɓar fatun layya suka yi sallama. Ɗayansu ya ɗaga fatar sama, ta zama kamar matankaɗi, har muka haɗa ido ta wata huda. Ya ce, "Allah ya ba da lada, Alhaji," ya ajiye ta gefe, ba cikin sauran ba. Kowace huda rage darajar fata take yi a wurin majema. Ƙasar da fatar jajayen awakinta ta ratsa Sahara har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, ita ce ta haifi mai wannan aika-aika.

Noma kuwa ko a mafarki ka tashe ni zan yi masa kirari: na duƙe tsohon ciniki, kowa ya zo duniya kai ya tarar. Na san ba a naɗa Sarkin Noma na gaskiya sai ya ɗaure dami dubu. Na san sunayen kayan aiki, sungumi na shuka, fartanya ta noman farko, garma ta huɗa, magirbi na kaka. Wata damina na kai ziyara ƙauye na tarar ana gayya a gonar Baffa, ganga na tashi, samari sun jeru. Na tuɓe riga na ce a ba ni fartanya a ga aikin 'yan birni. Aka gani. Kafin in kai tsakiyar layi samarin sun kai ƙarshe sun juyo. Tafin hannuna ya yi bororo, bayana ya ƙi miƙewa. Da Baffa ya biyo sawuna sai ya tarar na nome gero tas, na bar ciyawa tsaye cikin mutunci, don a idona duk kore ɗaya ne. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ɗana, ka yi ƙoƙari. Je ka inuwa ka tsare mana fura." Na ɗauki ƙwarya na nufi gindin gawo na zauna cikin rana tsaka, don ban san gawo da damina yake kaɗe ganyensa ba. Yara na can gindin ɗorawa suna ta ƙyaƙyata dariya.

Na daɗe ina kare kaina da cewa zamani ne ya canza, kowane lokaci da irin mazansa. Namijin yau mota da inji ya kamata ya sani. Wannan hujjar ma taya ta fasa ta, a hanyar Zariya, iyali na cikin mota. Na fito da jak na ɗaga motar sama, sannan na kama kwance noti, taya na ta juyawa tana bin hannuna. Wani yaro a kan keke ya tsaya ya kalle ni ya ƙoshi, ya ce, "Baba, sai an sassauta noti tukuna ake ɗagawa." Ya sauke, ya sassauta, ya ɗaga, ya sa safaya, ya karɓi na ruwa ya wuce. Janaretan gidanmu in ya ƙi tashi, ni nakan ja igiya har kafaɗa ta riƙe, in kuma zagi masu sayar da gurɓataccen mai. Uwargida ce ke zuwa ta cire fulogi ta goge ta mayar, ta ce, "Gwada yanzu, maigida," don yara su ga a hannuna ya tashi.

Duk wannan bai rage mini son maganar jarumta ba. In aka kunna waƙar Ɗan Anace ta Shago tsikar jikina tashi take yi, in riƙa bayanin yadda ake ɗaure hannu da yadda ake kai kisa, kai ka ce a gidan dambe aka yanke mini cibiya. Kokawar Nijar, wadda tun 1975 ake fafata takobinta, ba ta wuce ni a waya. Ina kwance a kan katifa ina faɗa wa ƙattin Dosso da Tawa inda suka yi kuskure. Amma daren da muka ji ƙarar kwanuka a kicin, na ɗauki taɓarya, na miƙa wa uwargida tocila na ce ta shige gaba don ta haska mini hanya. Mage ce. Na kore ta da tsawa mai ƙarfi, wadda har maƙwabta suka ji.

Wanda ya ƙure ni shi ne ɗana na fari. Na same shi yana latsa waya, na buɗe masa karatun da na saba: mu a shekarunka kaza, mu a zamaninmu kaza. Ya saurara har na gama, ya ajiye wayar cikin ladabi ya ce, "To Baba, bana ka koya mini fiɗa." Daga kicin na ji uwarsa ta kama tari. Na ce masa sai ya ƙara girma. Yaron da ya fi ni tsayi.

A daren nan na tuna wani abu da na gani ban ɗauke shi komai ba. Lokacin canjin kuɗi, farkon 2023, da takardar naira ta yi ɓatan dabo, Baffa ya zo birni. Ya sayar da hatsi an ce sai dai a tura masa ta waya. Mutumin da ke cika rumbu ya ciyar da gida uku ya zauna a kan tabarma kusa da wannan ɗan nawa, ya miƙa masa waya ya ce, "Abokina, ban iya abin nan ba, nuna mini." Ya danna ba daidai ba, ya yi dariya, ya ce a sake. Ya sake ɓatawa, ya ce a sake. Bai ce zamani ya lalace ba, bai ce motsa jini yake yi ba. Kafin ya koma ƙauye yana duba kuɗinsa da kansa.

Ashe abin da ya raba ni da su Baffa ba ƙarfin damtse ba ne. Su ma ba da iyawa aka haife su ba. Sun tsaya kusa da wanda ya iya, sun ɓata an yi musu dariya, sun sake. Ni kuwa kalmomi uku suka gagare ni tun ina yaro: ban iya ba. Gara in huda fata, in nome gero, in bi rago da gudu, da in faɗe su a gaban mahauci ko yaro mai keke. Kuma ba ni kaɗai ba ne. Mu da yawa mun gaji babbar riga da kaurin murya, mun bar aikin da ya sa ake jin muryar. Muna yabon sana'ar hannu a baki, amma in ɗan mahauci ko ɗan maƙeri ya zo neman aure sai mu fara binciken asali, alhali damben da muke taƙama da shi wasan mahauta ne tun fil azal. Ayyukan nan kuma ba ado ba ne da maza ke sawa don a gani. Hidimar gida ce, a ci, a sha, a kwana ɗaki bai yi yoyo ba. Nana A'isha ta ba da labarin cewa fiyayyen halitta yakan gyara takalminsa, ya ɗinke tufarsa, ya tatsi akuyarsa. Ban taɓa jin Baba yana bayanin mene ne namiji ba. Ba shi da lokaci, yana tufka igiya.

Kwanakin baya na tafi kwata da sassafe, ni da yaron. Na gaishe da mahaucin unguwarmu har da ɗan rusunawa, na ce masa koyo muka zo. Ya ce, "Yallaɓai, da wasa kake?" Na ce da gaske nake. Ya ba yaron wuƙa, ni ya ba ni ƙafar akuya in riƙe. Ci gaba ne, in aka tuna daga buta na fara. Yanzu na san inda matsarmama take, na kuma iya ƙulla igiyar da ba ta shaƙe rago. Yaron ya riga ya wuce ni, har yana gyara mini riƙon wuƙa, ni kuma ina cewa to. Kaza dai har yanzu muna kallon juna.

Saboda haka, ɗan'uwa, in kai ma wayarka takan yi ƙara duk ranar da kaza ta shigo gida, ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka jira safiyar Sallah. Nemi mahaucin unguwarku ranar da ba shi da cunkoso, ka tafi da ɗanka, ka gaishe shi da sunan girma, ka ce masa ba ka iya ba. Dariya kam zai yi maka, amma sai bayan ka tafi, kuma kafin nan ya koya maka.